Makonnin da Na Bi Gameli Cikin Kacala

Litinin, 6 ga Oktoba, da hantsi

Yau na bi Gameli bakin tafki. Tun da muka yi aure ban taɓa binsa wurin aikinsa ba. Shi yana can gandun tsuntsaye yana yi wa masu zuwa kallo jagora, ni ina tare da 'yan makarantata, da na yi ritaya kuma na koma kan kunyoyin albasata. Na ce masa gwiwata ce ke son tafiya. Ya dube ni, ya dubi gwiwar, ya ce, "Akpene, gwiwar nan kasuwa kaɗai ta sani." Amma ya miƙo mini gorar ruwa in riƙe.

Wani farin tururi ne kwance a kan ruwa, kamar tafkin yana numfashi cikin barci. Hanyar katakon da aka shimfiɗa cikin kacala ta jiƙe tana santsi. Kacalar ta fi mu tsawo, ba a ganin komai sai ita da sama, daga can bayan tudun yashi kuma teku na ta gunaguninsa. Muna cikin tafiya sai ta buɗe. Ga fadama shimfiɗe, ga shanu, ga balbelu a bayansu kamar an shanya farin wanki.

Baƙi sun fara isowa, in ji shi. Haka yake kiran ƙananan tsuntsayen nan masu dogon baki da ke zuwa daga ƙasashen sanyi.

"Dubi wancan. Ƙafa kamar tsinken tsintsiya, amma ya ƙetare teku ya ƙetare hamada. Ke kuwa zuwa Keta da ke nan kusa ma sai fasto ya yi miki addu'a."

Bai ɓata hanya ba, ko kaɗan. Na rubuta wannan don in tuna.

Laraba, 8 ga Oktoba, da safe

Madubinsa na hangen nesa a cikin tukunyar miya. Wankakkiya ce, an gode Allah. Na mayar da shi kan ƙusa.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da yamma

'Yarmu Yayra ta bugo daga Tema.

"Dada, yaya Papa?"

"Lafiyarsa ƙalau. Yana cin tuwon akple kamar wanda ya yini a gona."

"Ba ni shi mu gaisa."

"Yana wanka."

Ba wanka yake ba. Yana zaune a gindin kwakwa yana tambayata ko mahaifiyarsa ta dawo daga kasuwa. Mahaifiyarsa tana kwance a bayan coci tun Yayra tana goye. Na ce masa ba ta dawo ba tukuna. Ya ce kullum haka take, sai ta tsaya surutu.

Bari in rubuta dalilin gwiwata. Makon jiya ya fita da asuba kamar kullum, bai dawo ba sai da rana ta take, a jiƙe har ƙirji, ba takalmi, yana faɗa wai wani ya canja wa hanya wuri. Mutumin da shi ya nuna wa kafintoci inda za su kafa kowane katako.

Yau dai lafiya.

Asabar, 11 ga Oktoba, da rana tsaka

An turo masa masu kallo, mata da miji daga Kumasi, da kyamara mai dogon hanci. Agbeko ne ya tuƙa mu. Tare suka yi ƙuruciya da Gameli, tare suka saci mangwaron mishan, kuma kwalekwalensa ne ke shiga da baƙi cikin kacala tun aka kafa gandun. Davi yake ce mini, wato 'yar'uwa, ni kuma in ce masa Efo, wato ɗan'uwa. Yana ganina ya dafa gorar tuƙinsa.

"A'a! Davi Ticha da kanta? Yau kifi zai sha jarrabawa."

"Kai dai tuƙa, Efo Agbeko. Ko a aji a baya kake zama."

Ban san haka Gameli yake a wurin aiki ba. A gida mutum ne mai neman silifas da ƙorafin gishiri. A cikin kwalekwale kuwa muryarsa ta sauka ƙasa-ƙasa, ta yi laushi. Ya sa yatsu a baki ya yi wani fito, sai kirinjijiya suka amsa daga cikin kacala, suka tashi garke guda suna kewaya mu, har iskar fikafikansu ta taɓa mini fuska. Matar nan ta manta da kyamararta. Ya nuna mana sheƙar marai a rataye jere kamar kwanduna a rumfar kasuwa. Ya nuna wata 'yar tsuntsuwa mai dogayen yatsu da ke takawa a kan ganyen bado ba ta nitsewa.

Sai muka sha kwana, ga zalɓe tsaye a gabanmu. Zalɓe, wanda yaron goye ma ya sani.

Gameli ya ɗaga hannu ya nuna. "Wancan kuwa..." Bakinsa ya tsaya a buɗe. Hannun yana sama. "Wancan..."

Na ce, "Wannan zalɓen ai ɗan uwanka ne, Baban Yayra. Dubi wuya, dubi ƙafafu. Hula kawai ya rasa."

Baƙin suka tuntsire da dariya. Shi ma ya yi, ya ce, "Zalɓe, ƙwarai," ya ci gaba da bayani tiryan-tiryan.

Agbeko bai yi dariya ba. Ya dube ni ta saman kawunansu, ni kuma na dubi ruwa.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan coci

Ya rera kowace waƙa daga farko har ƙarshe ba tare da littafi ba. Ni ce ma na yi tuntuɓe a baiti na uku, ya zungure ni da gwiwar hannu.

To, ina matsalar? Tsufa ne kawai. Kowa yana mantuwa.

Talata, 14 ga Oktoba, da yamma

Ban san yadda zan rubuta yau ba.

Mun hau rumfar kallo, wadda ke tsaye a kan dogayen ƙafafu a bakin fadama. Rana ba ta gama fitowa ba. Ruwa ya yi launin cikin gwanda, ba a gane inda ya ƙare da inda sama ta fara. Na zauna ina murza gwiwata, don yanzu da gaske take ciwo. Ya daɗe yana hange. Da ya juyo sai ya cire hularsa.

"Barka da safiya, Madam. Kallon tsuntsaye aka zo?"

Na jira dariyar. Ba ta zo ba. Idonsa fes, cike da ladabi, irin kallon da ake yi wa baƙuwa mai mutunci.

Na ce, "E."

"Kin zo a kan lokaci. Matso nan, kada ki ji tsoron katakon."

Ya rataya mini madubin a wuya. Ya tsaya a bayana ya kama kafaɗuna yana juya ni a hankali, kamar mai juya tulu cike da ruwa. "Kada ki nemi tsuntsu. Ki kalli wuri ɗaya ki bar idonki ya huta, shi zai motsa ya nuna kansa." Na yi yadda ya ce. Da fari laka kawai nake gani. Can sai lakar ta fara tafiya. Ashe duk tsuntsaye ne, ba iyaka, launinsu launin ƙasa. Wani abu ya firgita su suka tashi gaba ɗaya, suka juya suka zama fari, suka sake juyawa suka ɓace, suka dawo fari, kamar ana kaɗa ƙaton mayafi a sama. Na ji kamar rumfar ta saki ƙasa tana shawagi da mu.

Na ce, "Kana da iyali?" Ban san abin da ya sa na tambaya ba.

"Ina da mata. Ticha ce." Ya yi murmushi yana kallon nesa. "Ba ruwanta da tsuntsu sai in a miya ta gan shi. Amma fa, Madam, in ta yi dariya, sai ka bar abin da kake yi. Na daɗe ina son in kawo ta nan. Ba ta da lokaci."

Na bar madubin a idona har muka sauko.

A hanya ya riƙe mini hannu a wurin da katako ya karye. Ya ce in gaida mutanen gida.

Laraba, 15 ga Oktoba, da safe

"Akpene! Wai shayin nan sai an rubuto miki daga Accra?"

Ban taɓa jin daɗin masifa kamar ta yau ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da almuru

Ina ban ruwan albasa Agbeko ya zo. Bai yi tsokana ba, daga nan na san akwai magana. Ya karɓi bokiti ɗaya yana taya ni.

"Davi, ni ba yaro ba ne."

"Wa ya ce kai yaro ne? Ga furfura har a kunne."

"Bar wasa. Shekaranjiya ya tambaye ni ko ni sabon ma'aikaci ne. Ni! Tabon da ke goshin nan nawa shi ya yi mini da dutse."

Na ce gajiya ce. Na ce maganin hawan jini ne bai karɓe shi ba. Na ce abubuwa da yawa, shi kuma yana ta zuba ruwa a kunya ɗaya har ta zama tafki.

"Yayra ta sani?"

"Yarinyar nan tana da aikinta, ga 'ya'ya."

"Ubanta ne fa. Kuma ruwa yana hawa, Davi. Jiya hanyar katako ta nitse daga wajen fadama. Ni zan iya rufa masa asiri a gaban baƙi har Kirsimeti. Tafki ne ba ya rufa wa kowa."

Na ce ya lalata mini albasa. Ya ajiye bokitin ya tafi.

Asabar, 18 ga Oktoba, da yamma

An yini ana ruwa. Na kulle ƙofar waje na ɗaure mabuɗin a haɓar zanena. Ya taɓa ƙofar, ya koma ya zauna, ya sake tashi ya taɓa. Bai tambaye ni ba.

Kwanan nan da zarar na rufe ido sai in ga kacala ta tsiro a tsakar ɗaki, tana kaɗawa, ina jin fitonsa daga ciki.

Yau lafiya.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Lafiya. Ba mu je coci ba.

Litinin, 20 ga Oktoba, da hantsi

Ba ya ɗaki. Ba ya bayan gida. Taga a buɗe.

Litinin, da yamma

An gan shi.

Talata, 21 ga Oktoba, da rana tsaka

Yana barci, bari in rubuta.

Gab da asuba barci ya sace ni a kan kujera. Da na farka gari ya waye, rigar aikinsa ba ta kan ƙusa, hular ma haka. Na fita ba ɗankwali. Ban san na yi ihu ba sai da na ga maƙwabta a kaina. Aka buga ƙararrawar coci. Masunta suka bar taru a kan yashi, ma'aikatan gandun suka fito da jirginsu mai inji, Agbeko ya ce su kashe injin, in mutum yana kira wa zai ji?

Ni aka sa a kwalekwalen Agbeko. Muka shiga lungu muka fita lungu. Ko'ina kacala iri ɗaya, ko'ina ruwa iri ɗaya. Ina kiran Gameli, tsuntsaye suna tashi. Ina kira, suna tashi. Can muryata ta ƙare, Agbeko ya karɓa: "Gameli! Ɓarawon mangwaro! Fito!" Yana kira yana share hanci da kafaɗa. Na ga wani abu baƙi yana yawo a kan ruwa, na rufe ido. Kututturen kwakwa ne.

Rana ta karkata sannan muka ji guɗa daga wajen fadama. Matan da ke yankan kacala don saƙar tabarma ne suka gan shi.

Fadamar duk ta zama ruwa, kan ciyawa kaɗai ke leƙowa. Yana tsaye a tsakiya, ruwa har ƙugu, ya sa maɓallan rigarsa tsaf har wuya, hula a kai. Ba ya motsi. Balbelu sun kewaye shi suna kiwonsu kamar shi ma wani kututture ne da ya daɗe a wurin, ɗaya ma kusa da gwiwar hannunsa. Sama tana cikin ruwan, gajimare yana wucewa ta jikinsa. Allah ya gafarta mini, abin ya yi kyau.

Da muka matso ya ɗora yatsa a baki. "Ku yi a hankali. Za ku tashe su."

Agbeko ya ce, "Mu tashe su? Ni kai zan tasa da mari, tsohon banza." Ya dira cikin ruwan ya rungume shi.

Ƙafafunsa duk matsattsaku. Na cire su da gishiri, yana kallona yana rawar sanyi. Ya ce, "Akpene, me ya sa mutane suka taru? Wani ya mutu ne?"

Na bugo wa Yayra. Na ce, "Ki zo."

"Dada, me ya faru?"

"Ki zo dai."

Alhamis, 23 ga Oktoba, da yamma

Ta zo jiya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambaye ta 'yar gidan wa ce. Ta tashi ta ja ni kicin.

"Tun yaushe?"

"Tun wajen Ista."

"Ista! Dada, ni 'yarsa ce ko maƙwabciya? Kullum yana wanka, kullum yana wanka. Na ce wannan Papa kifi ya zama?"

Ta yi kuka, na yi kuka, miya ta ƙone.

Yau mun kai shi asibiti. Likitan yaro ne mai hankali. Ya sa shi ya zana agogo, ya tambaye shi wane wata muke ciki. Gameli ya ce watan zuwan baƙi. Likitan ya faɗi sunan abin. Yayra ta rubuta a wayarta. Ni ba zan rubuta shi a nan ba.

Asabar, 25 ga Oktoba, da hantsi

Yayra ta ce mu koma wurinta Tema. Akwai ɗaki a ƙasa, akwai katanga da ƙofar ƙarfe, asibiti kusa.

Na ce, "Me zai kalla a Tema? Hankaka da shirwa a kan bola?"

"A Tema dai ba ruwan da zai cinye shi."

"In kin raba shi da tafkin nan kin kashe shi."

"In kin bar shi, tafkin zai yi miki aikin. Ke kuma dubi idonki, Dada. Yaushe rabonki da barci?"

Na ce mata ni na haife ta ba ita ta haife ni ba. Ba mu sake magana ba har aka ci abinci.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Tsattsewa sun cika wayar lantarki. Ya zauna yana kallonsu, ni ina kallonsa, Yayra tana kallona.

Talata, 28 ga Oktoba, da yamma

Ya tashi garau. Ya kira Yayra da sunanta, ya tambayi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ya ce mata ta yi ƙiba. Sannan ya ce a kira Agbeko, yana son ya zagaya da matarsa.

Ba iska ko kaɗan. Kwalekwalen yana tafiya kamar ba a kan ruwa ba. Bai nuna mini tsuntsu ko ɗaya ba, ya bar su suna wucewa. Ya sa hannu a ruwa yana jan layi.

"Akpene."

"Na'am."

"Kan nan nawa yana yoyo. Na daɗe da sani. Ke kina kwarfewa, ni ina yi kamar ban gani ba."

Na ce, "Wa ya gaya maka wannan shirmen?"

"Ticha, yau dai bar ni in gama jimlata." Ya yi dariya kaɗan. "Na ji ku da yarinyar nan ta bango. Ita ke da gaskiya. Mu tafi."

"Ba ka san Tema ba. Ba kacala, ba fadama, sai hayaƙi."

"Na sha kallo, Akpene. Na ƙoshi. Abin da nake so, mu tafi tun ina iya cewa mu tafi. In kuka jira, ɗaukata za ku yi kamar buhun gari, ina zagin ku a hanya. Ba na son ki tuna da ni ina zaginki." Ya ɗago hannunsa daga ruwa. "Kuma ba na son wata safiya a kawo miki ni a tabarma, ki ce ke kika yi barci."

Na kama hannunsa mai ruwa na riƙe a cinyata.

Daga baya Agbeko ya yi gyaran murya. "Ku yi ta soyayyarku, ni kurma ne. Wani abu ne kawai ya faɗa mini a ido."

"Tuƙa mu gida, malalaci," in ji Gameli. "Tun muna yara ba ka iya shan kwana ba sai ka daki gaɓa."

Muna isowa ya gaya wa Yayra da bakinsa. Da la'asar ya manta ya faɗa. Amma ya faɗa, mu uku mun ji.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da rana

Na bar wa matar Agbeko albasar. Ban san kayan mutum biyu za su shiga akwati uku ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da yamma, Tema

Mun iso.

Agbeko ne ya loda kaya. Ya ɗaure akwatunan, ya kwance, ya sake ɗaurewa, har direba ya fara huci. Da Gameli ya zo shiga mota sai ya miƙa masa hannu ya ce, "Sannu da aiki, bawan Allah." Agbeko ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Yauwa, Efo. A sauka lafiya." Ya juya ya nufi bakin ruwa da sauri, bai waiwayo ba.

Titi ya bi gefen tafki mai nisa. Na zaunar da shi wajen taga, ina tsoron abin da zai yi in ya ga muna wucewa. Bai yi komai ba. Ya fitar da tafin hannunsa iska tana bugawa. Ruwan yana ta walƙiya, yana tafiya tare da mu, sannan gidaje suka shiga tsakani.

"Ina za mu?"

Yayra ta juyo daga gaba. "Tema, Papa. Gidana."

Ya gyaɗa kai. Bayan mun wuce gada ya sake tambaya, ta sake faɗa. Da ya yi ta uku na ga kafaɗunta sun fara rawa, sai na amsa.

"Tema za mu, Baban Yayra."

Ya juyo ya daɗe yana dubana. Ban san ko wa yake gani ba, kuma ban tambaya ba.

"Ke ma za ki?"

"Ni ma zan je."

"Har can?"

"Har can."

"To, shi ke nan," ya ce. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya kwantar da kansa a kafaɗata. Ya yi barci, ni ma na yi, ba mu farka ba sai da Yayra ta buɗe ƙofar mota.